TUKUNYAR ZANGO: GIRKIN DA YA RIƘE GIDAJEN NIMA DA MAMOBI

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen farashin bijimai da kuɗin mota da harajin kan hanya, mu leƙa bayan gida inda hayaƙi ke tashi. Wani zai ce me ya haɗa jaridar fataken shanu da tukunya? To ai Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wahalar da muke sha tun daga Paga har zuwa Turaku ta Ashaiman, ƙarshenta dai a cikin kwano take ƙarewa, gaban iyali.

Duk wanda ya kwana a birnin Accra, wato Ankara a bakin kakanninmu, ya san Zango ne ke tashin garin daga barci. Kafin a idar da sallar asuba mai koko ta kafa tebur, mai ƙosai ta ɗora kasko, kafin hantsi kuma ma'aikatan ofis sun ja layi gaban Hajiya mai wake da shinkafa. Amma abin da ya dame mu shi ne, a yawancin gidajenmu na Nima da Mamobi murhu ya fara sanyi. Muna ciyar da gari, alhali yaranmu na tasowa ba su iya tuƙa tuwon da ya fito da sunanmu ba. An kuwa ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

SHANU NE SUKA FARA SAUKA

Yana da kyau 'yan baya su san cewa ita kanta Nima ɗiyar sana'armu ce. A shekarar 1931 ne Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya sami wannan fili daga gidan Odoi Kwao na Osu, domin ya riƙa tsare dabbobi suna kiwo kafin a kai su kasuwa. Inda shanu suka sauka kuwa, nan mahauci zai biyo, mai nono ta biyo, mai tuwo ta kafa murhu. Da haka ruga ta zama unguwa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da tsofaffin sojoji da masu neman aiki suka yi ta kwararowa.

Kafin nan ma hanya a buɗe take. Ayarin fatake daga Kano da Katsina sun daɗe suna zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja da kanwa da tufafi da dabbobi, su koma da goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku, kowa da tukunyarsa. A Ankara kuma Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Cikin waɗannan zangogi ne Bahaushe da Bafillace da Bazabarme da Badagombe da mutumin Moshi da Kotokoli suka haɗa tsakar gida ɗaya, matansu suka riƙa leƙa tukunyar juna.

Shaida na nan a bakin mutanen ƙasa. Abin da Ghana duka ke kira waakye, wakenmu ne. Tuwon zafi ya zama tuo zaafi, 'yan boko ma sun gajarce shi suna cewa Ti-Zed. Ƙosai ya zama koose, funkaso ya zama pinkaso, fura ta zama fula. Kai, hatta ƙanzon gindin tukunya, da sunansa na Hausa Batone da mutumin Ga ke neman sa. Wannan ba ƙaramin gado ba ne.

ME YA SA MURHU KE MUTUWA?

Ba mu ce laifin masu sayar da abinci ba ne. Iyayenmu ne, kuma su ne manyan masu sayen namanmu. Gaskiyar magana ita ce zaman Nima zaman ɗaki ɗaya ne ga mutane da yawa, babu madafa, sai kurfoti a bakin ƙofa, ga gawayi da tsada, ga ruwa na saye. Gwauro shi kaɗai, sayen abinci ya fi masa sauƙi. Amma gidan da ke da baki shida ko takwas lissafinsa daban ne. Kuɗin da za a raba wa yara su sayo abincin rana ɗai-ɗai, in aka haɗa shi aka auno wake da shinkafa ranar Laraba a kasuwar Nima, sai ya kai dare har a sami ɗumame.

Waɗanda suka ga 1983 ba sa buƙatar mu tuna musu. Fari da gobarar daji suka cinye gonaki, ga kusan mutum miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya sun dawo a lokaci guda. Gidajen da suka fi jurewa su ne waɗanda uwargida ta san yadda ake miƙa ɗan gari da kuka da daddawa su ratsa mako. Kwanan baya ma mun ɗanɗana: a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin 100, a 2023 kuma da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar, albasa ta zama sai wane da wane. Iya girki mai sauƙi, ashe, shi ma jari ne.

Ga kaɗan daga abin da iyayenmu mata suka koya mana. Awon da muka bayar na gida ne mai mutum 6 zuwa 8, da kofin shan ruwa na roba.

WAKE DA SHINKAFA

A nemi wake kofi 2, shinkafa kofi 4, karan dafi kamar zare 6, da kanwa 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar masara. Karan dafi shi ne jan kuben nan na wata irin dawa da dukawa ke rina fata da shi, shi ke ba abincin launinsa.

A tsince waken a jiƙa shi tun dare, wannan kaɗai zai rage rabin gawayin da za a ƙona. Da safe a wanke karan dafin sosai don yana riƙe ƙura, a zuba shi a tukunya tare da waken da kanwar, a bar su su tafasa har ruwan ya yi ja wur, waken kuma ya fara laushi amma bai fashe ba. Sai a tsame karan, a zuba wankakkiyar shinkafa da gishiri. Ruwan ya ɗan haura kan shinkafar da kamar gaɓar yatsa ɗaya. Da ya tsotse sai a janye wuta, a rufe ruf, a bari turiri ya ƙarasa aikin. Masu gaggawa da ke ta buɗe marfi suna juyawa, su ne ke sauke abu kamar fate.

A waje an saba ganin sa da rakiya mai yawa: miya, shito, taliya, jiƙaƙƙen gari, ƙwai, ganda da soyayyen wagashi. A gida ba dole ba ne. Mutanen Kano da ke kiran irinsa garau-garau, mai da yaji kawai suke sa masa, su yanka albasa da tumatir, kuma ba wanda ya taɓa tashi da yunwa. Wake da hatsi in sun haɗu suna cike wa juna abin da jiki ke buƙata, shi ya sa wannan kwano ke riƙe lebura tun safe har la'asar ko da babu tsoka a kai.

TUWON ZAFI DA MIYAR AYOYO

Wannan shi ne sarkin dare. Garin masara kofi 4, garin rogo kofi 1 da rabi. A ɗora ruwa, kafin ya tafasa a dama kofi ɗaya na garin masarar da ruwan sanyi a zuba, a yi talge. A bar shi ya dahu sosai, domin tuwon da talgensa bai nuna ba shi ne ke kwana da tsami. Sai a kwashi kamar kashi ɗaya cikin uku na talgen a ajiye gefe. A haɗa sauran garin masarar da na rogon, a riƙa barbaɗawa ana tuƙawa da muciya. In ya yi tauri, da talgen da aka ajiye za a sassauta shi, ba da ruwan sanyi ba. A rufe ya sulala minti 10, a sake tuƙawa, a kwashe da mara.

Garin rogon nan shi ne bambancin tuwonmu da na Sakkwato ko Maraɗi. Shi ke sa shi santsi da danƙo, ya zame a maƙogwaro ba sai an tauna ba. Wanda ya sa da yawa kuwa sai ya ga tuwo na bin hannu kamar ƙaro.

Ayoyo shi ne lalo a bakin mutanen Arewa. A tsinke ganyen a wanke, a yanka. Ruwa kaɗan za a ɗora, da daddawa da dakakken busasshen kifi da ɗigon ruwan kanwa. Da ya tafasa a zuba ganyen, kada a rufe tukunya, in an rufe yauƙin ya tsinke kuma koren ya dushe. Minti 5 zuwa 7 ya isa. A burge da maburgi, a sa gishiri a sauke. A gefe kuma ga 'yar jar miya ta tumatir da albasa da attarugu, wadda aka soya da nama ko kayan ciki. Ranar da ayoyo ya yi tsada, kuka da busasshiyar kuɓewa na nan, ba sa lalacewa, kuma gwangwani guda sai ya yi wata.

A nan muna da jan hankali biyu. Na farko, dunƙulen Maggi da danginsa sun kori daddawa daga tukwane da yawa, har za ka ga an jefa biyar ko shida a miya ɗaya, sannan a ƙara gishiri. Alhali yawancin dunƙulen nan gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Hawan jini ya yi yawa a tsakaninmu, kowa ya san wanda ya faɗi a kasuwa ko a masallaci. Daddawar ɗorawa da garin kifi suna ba da ɗanɗano ba tare da wannan nauyi ba. Na biyu, kanwa magani ce in ta yi kaɗan. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A sa ta don ta tausasa wake, ba don a ji ta a baki ba.

KOKO DA ƘOSAI

Mutane na ganin koko aiki ne, alhali jira ne kawai. Gero kofi 4, a jiƙa ya kwana. A wanke, a haɗa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono a kai inji. A tace da ƙyalle mai laushi, a rufe a bar shi ya kwanta har ya yi tsami. Washegari a tsiyaye ruwan saman a tukunya, kada a zubar, nan daɗin yake. A tafasa shi, a dama ƙullun da ya kwanta da ɗan ruwa, a sheƙa tafasasshen a kai ana juyawa da ludayi har ya yi kauri. Ƙullun da ya rage zai yi kwana biyu ko uku in ana sauya masa ruwa.

Shi kuwa ƙosai sirrinsa bugu ne. A surfa wake a wanke dusar, a markaɗa da albasa da attarugu, ruwa kaɗan. A buga shi da muciya har ya tashi ya yi fari, gishiri sai dab da suya. A gwada ɗigo ɗaya a cikin ruwa, in ya taso sama ƙullu ya yi. Ƙosan da ke shan mai, ko dai ba a buga shi ba, ko kuma mai bai yi zafi ba.

RABON GIDA DAGA KASUWA

Yanzu kuma mun zo kanmu, mu maza. Abin kunya ne a ce mutum ya yini cikin shanu, ya sayar da bijimi goma, ya dawo gida hannu na dukan cinya, sai dai ya tsaya wajen mai tsire ya ci nasa a tsaye. Tuwon girma miyarsa nama, kuma ba sai tsoka ba. Ƙashi da bindi da kai da ƙafa da tumbi da huhu, duk mahauta abokan hulɗarmu ne, mun fi kowa sanin inda ake samun su da rahusa.

Romo ba ya son wahala. A wanke tumbi da hanji da ruwan zafi da lemun tsami. A ɗora su da ƙashin, da albasa da citta da tafarnuwa da kimba da gishiri, ruwa kaɗan tukuna, su fitar da nasu ruwan. A jefa tumatir 4 da attarugu da yalo 3 ɗungum a ciki, in sun yi laushi a tsame a niƙa, a tace a mayar, a ƙara ruwa. Wannan dabara daga maƙwabtanmu Tonawa muka ɗauko ta, kuma ba ta buƙatar mai ko cokali ɗaya. A bar shi a wuta marar ƙarfi har nama ya saki ƙashi. Yau a sha da burodi ko tuwon shinkafa, gobe a dama tunkuzar gyaɗa a cikin ragowar ya zama miyar gyaɗa, jibi a kaɗa kuka da abin da ya saura. Ƙashi ɗaya, miya uku. Sharaɗin dai shi ne a tafasa shi sosai safe da yamma, kada a bar shi da ɗumi-ɗumi cikin zafin Ankara.

GANDA DA TAYAR MOTA

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba, don a ƙofarmu take. Ganda, wadda mutanen gari ke kira wele, ta zama abokiyar wake da shinkafa. Amma kowa ya ga baƙin hayaƙin da ke tashi a wasu wuraren babbaka, ya san ba itace ake ƙonawa ba, tsofaffin tayoyi ne. A 2008 masu bincike daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi sun auna fatun shanu da na awaki da aka babbake da taya, suka tarar da ƙarafa masu cutarwa sun ƙaru a jikinsu, kuma wanki ba ya fitar da su duka. Wanda ke tsaye kan wutar yini guda yana shaƙa, shi ya fi kowa shiga haɗari, kuma ɗanmu ne ko ƙanenmu.

Uwargida ta shinshina kafin ta saya. Gandar itace ko ta gas ƙamshin babbaka take yi, ta taya kuwa warin roba, kuma baƙinta na maƙale wa a yatsa kamar maiƙo. Mu kuma da ke sayar wa mahauta dabbobi, bakinmu na da nauyi a wurinsu. In muka haɗa kai da sarakunan fawa muka ce ba mu yarda ba, za a daina. Amanar abin da ke shiga cikin jama'a tana wuyan duk wanda ya ci riba a kan dabbar.

NONO DA GUZURIN HANYA

Fura da nono da burkina, wato dambun geron nan da ake zubawa cikin kindirmo, su ne abincin rana mafi sauƙi lokacin zafi da kuma buɗa-baki. Sai dai mu da muka san shanu mun san bakkale, mun san tarin da ke kama su, kuma duka biyun suna bin ɗanyar madara su shiga mutum. A tafasa madara tukuna, a bari ta huce, sannan a zuba mata ɗan tsohon nono ta kwana. Ba ya rage daɗi, yana rage zuwa asibiti.

Yaran mota da masu rakiyar shanu kuma, tafiyar wajen kilomita 800 ce daga Paga zuwa bakin teku, ga tsaye-tsaye a shingaye. Kakanninmu da suka koro shanu da ƙafa ba su dogara da abincin tasha ba. Gari da ƙuli-ƙuli da sukari, dakuwa, kilishi, soyayyen wagashi da ƙullin yaji, duk ba sa lalacewa a kwana biyu ko uku. A dai duba gyaɗa da masara kafin a sarrafa, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, don dafinta hanta yake ci, kuma wuta ba ta kashe shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ce kowane gida ya dafa sau uku a yini ba. Amma ko tukunya ɗaya ce, ta dare, a yi ƙoƙari ta zama ta gida, a zauna a ci tare. Maigida ya auno hatsi da wake da yawa lokacin kaka kafin su hau, maimakon sayen kullum. Ya ba da kuɗin cefane da ya dace da kasuwar yau, ba ta shekara biyar da ta wuce ba, don ba a tuƙa tuwo da faɗa. Maƙwabta biyu ko uku na iya haɗa kuɗin buhun gawayi ko na masara su raba.

Sannan a koya wa yara, mata da maza. Yaron da za mu ɗora a kan motar shanu zuwa Bawku ko Wagadugu, in ya iya dafa wake da shinkafa da romo, ba zai wulaƙanta a baƙon wuri ba. Tsofaffin da suka san awon kanwa da lokacin sauke ayoyo suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a rubuce abin yake ba, a hannu yake. Duk wadda ke da irin wannan tsohuwa a gida, ta tura 'ya'yanta su tsuguna kusa da murhu tun tana da ƙarfin riƙe muciya. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah ya yi wa iyayenmu mata albarka, ya sa wa kasuwarmu albarka, ya ba mu abin da za mu ciyar da iyali ta hanyar halal. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.